Rairayin Yaya Shafi'i

Duk wanda ya ce muku yayana Shafi'i ɗan duba ne, ku ce masa ni Zulaikha na ce ƙarya yake yi. In yana da ja, ya zo Roni ya same ni, gidana ba ɓoyayye ba ne. Malamin lissafi ne, da alli a hannu ya tsufa. Kuma har ya koma ga Mahaliccinsa abu ɗaya ya nema a wurin mutanen garin nan bai samu ba: mutum ɗaya ya zauna a zaurensa, ya kalli rairayin da yake barbaɗawa a kan ƙarfe, ya tambaye shi dalilin abin da ya gani. Bai rasa abinci ba, ina kai masa. Bai rasa sutura ba. Mai tambaya ya rasa.

Mu biyu iyayenmu suka bari, shi babba, ni ƙarama. Tun yana yaro ba ya iya ganin abu ya wuce abinsa. In Inna ta kife ƙwarya a tsakar gida, sai a same shi a tsugune yana bin tururuwa da ido a bayan ƙwaryar har a kira sallah. Baba magatakardan hakimi ne, shi ya sa aka sa Yaya a boko da wuri, daga Roni zuwa Kazaure, daga nan Kano. Da ya yi zarra a lissafi, gwamnatin Kano ta tura shi Rasha, lokacin ko mafarkin jihar Jigawa ba a yi ba. Muka raka shi tasha da dambun nama da ƙuli-ƙuli, Inna tana kuka tana cewa an gaya mata a can ruwa ma daskarewa yake yi a cikin buta.

A can ya gamu da tambayar da ta riƙe shi har ƙarshen ransa. Yakan ce a makarantar akwai wani ɗaki da ake shan shayi, in ka faɗi rabin magana wani zai ƙarasa maka ita, wani kuma ya tashi ya ƙaryata ku duka a kan allo, shayin ya huce ba wanda ya kula. In yana ba da labarin ɗakin nan, fuskarsa sai ta koma ta saurayi. Yana tsakiyar karatun digiri na gaba Baba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya ne kaɗai namiji, ya dawo da niyyar ya ga jiki ya koma. Baba ya daɗe a kwance. Da ya rasu, ga Inna, ga aure, ga aikin koyarwa da aka ba shi. Bai koma ba. Ya koyar a Babura, ya koyar a Gwiwa, ya ɗan taɓa Kazaure, daga ƙarshe aka dawo da shi gida. Ko'ina da kekensa yake zuwa, ya naɗe ƙafar wando, hular nan a karkace, in ya haɗu da kai a hanya sai ya sauka ya gaishe ka da kyau ko da ɗalibinsa ne kai.

Bari in gaya muku abin da yake yi a zauren, don na gaji da jin ana ƙara wa zancen gishiri. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma abin da aka yi ta zuba mini a kunne tun ina amarya har na yi jikoki, ko ban so ba na haddace shi.

Kayan nasa iri biyu ne. Na farko tire guda biyu ne masu baki, irin na kai wa baƙo shayi, wani mai walda a Kazaure ya yi masa su: ɗaya da'ira, ɗaya dogo mai zagayayyen kai da ƙarshe kamar filin ƙwallo. Sai ɗan ƙwallon ƙarfe da ya ciro daga boris ɗin kekensa. Yakan ɗora ɗan ƙwallon ya ɗalle shi da yatsa, ya tafi a miƙe, ya bugi baki, ya karkata, ya sake miƙewa. Yaya ya ce a ɗauka ƙwallon ba ya gajiya, haka zai yi ta tafiya har abada. A tiren da'ira, in aka harba shi a karkace, gefe zai yi ta bi yana zagaye, ba zai taɓa taka tsakiya ba. A dogon tiren kuwa ba shi da alƙibla, yanzu yana nan anjima yana can, in aka ba shi lokaci ba inda ba zai taka ba.

Na biyu fallayen ƙarfe ne marasa baki, su ma ɗaya da'ira ɗaya dogo. Yakan ɗaure falle da noti a gindin tsohon turmin Inna da ya kife, ya barbaɗa rairayi mai laushi. Da rariyata yake tankaɗe rairayin, rariya nawa ya kashe mini Allah kaɗai ya sani. Sai ya ɗauko bakan goge, wanda wani tsohon makaɗi a Babura ya bar masa da ya daina kiɗa, ya shafa masa ƙaro, ya goga a bakin ƙarfen. Ƙarfen ya yi kuka, rairayin ya hau tsalle, kafin ka ƙifta ido ya gudu daga inda ƙarfen ke rawa ya kwanta a inda ba ya motsi. Zane ya fito. In kukan mai kauri ne, layi kaɗan za ka gani. In ya yi siriri kamar na sauro, zanen sai ya yi ƙanana-ƙanana ya cika fallen.

To ga abin da ya hana shi sakat. Ya ce duk lokacin da kukan ya ƙara siriri, rawar ƙarfen sai ta riƙa bin sawun ƙwallon. A fallen da'ira akwai kukan da gefe kawai yake girgizawa, rairayin tsakiya yana kwance abinsa, daidai inda ƙwallon ba ya zuwa. A dogon falle kuwa kusan kowane siririn kuka ko'ina yake girgizawa daidai wa daida, kamar yadda ƙwallon ke yawo ko'ina.

"Kusan kowane, Zulai," in ji shi, yana ɗaga mini yatsa. "Kada ki ce duka. Akwai 'yan taurin kai da suke maƙalewa a wata gajeriyar hanya, daga wannan baki zuwa wancan, su ƙi bazuwa. Su wa da wa ne, kuma me ya sa, nan ne hankalin manya ya tsaya."

Ya ce ƙarfen ma inuwar abin kawai yake nunawa, ainihinsa a lissafi yake, kuma ba sai da baki ko bango ba. Tururuwa biyu in suka tashi a miƙe a bayan ƙwarya, ba dama ba hagu, za su matso su haɗu. A kan sirdi kuwa, ko kafaɗa da kafaɗa suka tashi, rabuwa za su yi ta yi. Kuma muryar kowane abu tana bin irin tafiyar da ake yi a bayansa. Tambayar ita ce, ƙarfe ba shi da ido, ba a taɓa ɗora masa ƙwallo ba, ta yaya kukan ya san hanyar?

Ni dai nakan ce masa, "Yaya, ka dawo mini da rariyata." Ban gane ba, ban kuma taɓa yi masa ƙaryar na gane ba.

Yanzu ku haɗa da kanku. Mutum ya dawo daga ƙasar da aka ce ba su san Allah ba, yana zaune a zaure da rairayi a gabansa, yana kallon zanen da ya fito yana gyaɗa kai, ga kuma bakan goge a hannu. A ƙasar nan wa ke karanta zanen rairayi in ba mai bugun ƙasa ba? Wa ke riƙe bakan goge in ba makaɗin 'yan bori ba? Shi sam bai hango wannan ba, kansa yana can ɗakin shayi. Har aji ya ɗauki kayan ya kai, a wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ba, wai don yara su ga lissafi da idonsu. Yara suka yi ta ihu da tafi, suka koma gida suka ce Malam ya kira rairayi da goge, rairayi ya taso ya yi rubutu. Washegari shugaban makarantar ya roƙe shi ya riƙa barin kayan a gida. Ya bar su a gida, sunan ɗan duba kuma ya biyo shi har gidan.

Ba wanda ya kore shi daga ko'ina, mutanenmu ba sa yin haka. Sai dai in ya isa majalisar bakin kasuwa, a amsa sallamarsa da kyau, a matsa masa fili fiye da yadda mutum ɗaya ke buƙata, hira ta koma kan ruwan sama. A masallaci kowa yana haɗa ƙafarsa da ta na kusa da shi a sahu, shi kuwa dama da hagu sai a bar masa ɗan tsakani. Ya taɓa gaya mini wannan yana dariya, ya ce duk Roni shi ne kawai yake sallar jam'i shi kaɗai. Ni ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci, na zari mayafi na je gidan Liman da kaina. Liman mutumin kirki ne, ya zo ya duba kayan, ya sa aka goga masa ya gani, ya fito ya gaya wa jama'a babu shirka a ciki, wasan yara ne kawai. Ya wanke shi kam, amma ranar Yaya ko taɓa abinci bai yi ba. Da na zo ɗaukar kwano ya ce, "Zulai, wai wasan yara."

Ba wai bai nemi abokin magana ba ne. Ya gwada 'yan'uwansa malamai, suka ce abin ba ya cikin manhaja, ba ya fitowa a jarrabawa. Ya taɓa naɗe fallayen a buhu, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya shiga mota zuwa wata jami'a. Mai gadi ya ji buhun yana ƙara, ya ɗauka ɗan jari-bola ne, ya nuna masa bayan gini inda ake zubar da ƙarafa. Da ƙyar ya kai sashen lissafi, aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera, aka ce mai wannan fannin ya tafi ƙasar waje, ba a san ranar dawowarsa ba. Ya dawo da buhunsa ko kwance shi bai yi ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Maikasuwa, abokinsa na ƙuruciya, wanda ya fi kowa cewa a'uzu billahi in an ambaci zauren. Wata rana da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, sai ga shi ya lallaɓo da goro a aljihu. Ina tsakar gida ina jin su.

"Shafi'i, bijimina ne ya ɓace. Ka taimaka ka ɗan buga mini, gabas ya yi ko yamma?"

"In buga maka me, Maikasuwa?"

"Haba, kai ma ka sani. Tsakaninmu ne, ba mai ji."

"Ni ba na duba. Amma in kana da lokaci, zauna in nuna maka abin da ya fi duba."

Maikasuwa ya ce ya baro shago ba kowa. Daga shi ƙofa ta buɗe. Mai neman kujerar kansila, mai neman haihuwa, wanda aka yi wa sata, wasu daga Babura, wasu har daga tsallaken iyaka. Duk wanda ya yi sallama, Yaya sai ya miƙe da sauri ya gyara hula, don kullum zatonsa wannan ne mai tambayar. In ya ji buƙatar, sai kafaɗunsa su sauka, ya maimaita maganar da ya faɗa wa Maikasuwa, har 'yan unguwa suka haddace ta. Ba wanda ya taɓa zama. Sukan fita suna zaton goron ne ya yi kaɗan.

Matarsa Asma'u, Allah ya jiƙanta, ita ce ta fi kusa. Akwai zanen da ba ya fitowa sai wani ya dafa bakin ƙarfen da farce yayin da ake gogawa, to ita ce mai dafawa. Ta raɗa wa zanukan suna, wannan idon zabuwa, wancan lallen amarya, har ta kwaikwayi wasu ta ɗinka a jikin matashin kai. Yakan ce, "Asma'u tana ganin kyan abin, ba ta tambayar dalilinsa, amma ko hakan na gode." Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta rasu ya daɗe bai taɓa bakan ba. Da ya koma masa, ni na zama mai dafawa in na kawo abinci, ina dafawa ina mita, tuwo yana hucewa a kwano.

Sai kuma kunne, kuma wannan ne ya fi ba ni tausayi. Ashe in kunne zai tafi, siririn sauti yake fara yarwa, shi ne kuwa abin neman Yaya. Ya yi ritaya, ga lokaci ya samu, ga ƙarfe yana kuka, shi ba ya ji. Sai ya riƙa tambayata, "Ya yi siriri, Zulai?" In ce, "Ya yi, har cikin haƙorana nake jin sa." Wata jikata ta taɓa nuna masa a waya wasu Turawa suna yin irin nasa, da rairayi da baka da komai. Ya kalla har ƙarshe yana murmushi, ya miƙa mata wayar ya ce, "Ga su nan kuwa. Sai dai ba sa ji na, ni ma ba na jin su."

Wata kaka, ana cikin yankan gero, na kawo masa abincin rana na tarar da wata yarinya a ƙofar gida, ɗan acaɓar da ya kawo ta yana jira a inuwar darbejiya. Da goyo a bayanta, da kaza a hammata an ɗaure mata ƙafa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Tasalla, daga wani ƙauye a bayan Gwiwa. Da na ga kazar na san duba ta zo nema. Na buɗe baki zan sallame ta, sai na ga leɓenta ya bushe, na ce ta shigo zaure ta sha ruwa tukuna.

Yaya yana ciki a kan tabarmarsa, ya gyara hula kamar kullum. Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa, ta fara magana ƙasa-ƙasa irin ta mai kunya. Mijinta Daudu ya tafi neman aiki, ya kira ta daga Agadas ya ce za su shiga mota su tsallaka sahara, tun daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Jaririn da ke bayanta bai taɓa ganin ubansa ba. Danginta suna cewa ta je wurin alƙali a raba auren, ita kuma ta kasa. Ni da ke kusa da ita da ƙyar nake jin ta, na tabbata Yaya motsin bakinta kawai yake gani. Da ta yi shiru, ya faɗi maganarsa ta kullum, cewa ba ya duba, amma in tana da lokaci ta zauna.

Sai ta gyara goyonta ta zauna.

Baƙuwa ce, ba ta san wannan ita ce sallamar ba, ta ɗauka haka ake fara aikin. Yaya ya kalle ta, ya kalle ni. Ban taɓa ganin tsoho ya rikice haka ba. Ya ɗauko falle ya ajiye, ya ɗauko baka ya ajiye, ya laluba aljihunsa kaf kafin ya tuna ɗan ƙwallon yana cikin gwangwanin madara. Daga ƙarshe ya jawo dogon tiren, ya ɗiga alama da alli, ya ɗora ƙwallon a kai.

"Kalli nan, 'yata. Nan ne gidansa, daga nan zai tashi."

Ya ɗalle shi. Ƙwallon ya miƙe, ya bugi baki, ya yi can, ya yi nan, ya yi nisa da alamar. Tasalla ta bi shi da ido ko ƙiftawa ba ta yi. Sai ta ɗago kai, ta manta da kunya, ta ce da ƙarfi, "Malam, zai dawo?"

Hannun Yaya ya tsaya a sama. "Me kika ce?"

"Na ce zai dawo, Malam?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Zai dawo. Wannan an tabbatar da shi, ba zato ba ne. Ba lalle ya taka sawunsa na farko daidai ba, amma zai zo kusa da shi, kusa ƙwarai. Kusan duk wanda ya tashi daga nan sai ya dawo."

"Ko ya yi nisa?"

"Nisa ba ya hanawa. Ki bar shi ya gama yawonsa."

"Yaushe, Malam?"

"Wannan kam ba mai iya gaya miki. Yana iya daɗewa har mai jira ya gaji."

"Ba zan gaji ba," in ji ta, hawaye suna zuba tana sharewa da gefen mayafi.

Ni ina tsaye da kwanon abinci a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Ita tana maganar miji, shi yana maganar ƙarfen keke, kuma kowannensu fuskarsa ta yi haske. In buɗe baki in ce me? In kashe wa wa murnarsa? Na ja bakina na yi shiru, kuma ko yau aka sake, shirun zan yi.

Ya ɗaura dogon fallen a turmi, ya barbaɗa rairayi, ya nuna mata inda za ta dafa da farce, daidai wurin Asma'u. Ya goga, rairayin ya watse ya kwanta, jaririn ya farka ya tsala kuka, Yaya ya yi wata dariya da na manta yana da ita. Ya ce mata, "Rabi na nuna miki. Saura babban, yadda kukan ya san hanyar ƙwallon. Ki dawo." Ta ce in sha Allahu. Da za ta tafi ta ajiye kazar, ya ce ta ɗauki abarta, ta ƙi. Na bi ta da ita har waje, ɗan acaɓar ya riga ya ja, igiyar ƙafar ta kwance, kaza ta fizge ta shige bayan rumbu. Da na dawo zauren ya ce, "Kin ji, Zulai? Ta tambaya." Na ce na ji.

Tun daga ranar ya shimfiɗa tabarma ta biyu a zauren. Kullum da safe sai ya kakkaɓe ta, ya tankaɗe sabon rairayi, ya shafa wa baka ƙaro. In ya ga inuwar babur ta gifta ta ƙofa, sai ya miƙa wuya. Kaka ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo ta tafi. Na sa an tambaya mini a wajen Gwiwa, amma Tasalla matar Daudu ba ɗaya ba ce a ƙasar nan, ni kuma ban riƙe sunan ƙauyen ba. Kazar kuwa ta zauna daram, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, gida ya cika da 'yan tsaki. In na soya masa ƙwan sai ya ture kwanon ya ce ba ya sha'awa, na ɗauka tsufa ne. Duk wanda ya san zancen a gidana na ja masa kunne, kada wanda ya kuskura ya gaya wa Yaya abin da ya kawo yarinyar. Abu ɗaya ya samu a garin nan, ba zan bari a ƙwace masa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya ƙi a shigar da shi ɗaki, ya ce a bar shi a zauren. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu da cokali, ya kau da kai ya ce, "Zulai, mijin yarinyar nan ya dawo kuwa?"

Na mayar da cokalin cikin kofi. Na matsa bakina kusa da kunnensa na ce, "Wane miji, Yaya?"

"Haba Zulai. Ni kurma ne, ba makaho ba. Mace da goyo da kaza. Kuma na ji Agadas, wannan kalmar tana da kauri." Ya ɗan huta. "Na san tambayar ba tawa ba ce. Amma kalmomin daidai suke, ko a ɗakin shayin nan haka za a faɗe su. Na daɗe ina jira, sai na ce bari in ara na yini guda."

Na ce, "To ai ba ƙarya ka yi mata ba."

"Na rage mata sharaɗi. Ƙwallo yana dawowa ne don tiren yana da baki ko'ina. Sahara ba ta da baki." Ya juya ido ga tabarmar. "Tsawon raina ina cewa ba na duba, ranar nan na yi. Shi ya sa nake so ta dawo, in gaya mata, ta ɗauki kajinta. In ta ji haka kuma ta ga dama ta zauna, sai in nuna mata sauran."

Zuciyata ta karye. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nasa a lokacin ba. Na ajiye kofin, na jawo tabarmar baƙuwar na zauna a kai, na gyara mayafi, na ɗaga murya yadda zai ji. Na ce, "To Yaya, ƙarfe ba shi da ido, ba a taɓa ɗora masa ƙwallo ba. Ta yaya kukan ya san hanyar?"

Sai ya yi murmushi, ya miƙo hannu ya dafa bayan nawa da yatsa ɗaya, yadda ake dafa bakin falle.

"Ke haddacewa kika yi, Zulai," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Ba ni kunun."

Ranar jana'izarsa jama'a sun cika, har da Maikasuwa da sandarsa, kuma an gaya mini a sahun ba a bar tsakani ko ɗaya ba. Fallayen da bakan suna ƙarƙashin gadona a cikin buhunsu. Kajin sun koma gidana, ba na yankawa, ba na sayarwa, sun ishe ni da tonon tsakar gida. Wanda ya san Tasalla matar Daudu ta bayan Gwiwa, ya ce mata ta zo ta kwashi kayanta. In ta zo tare da Daudu, kajin kawai zan ba ta. In ta zo ita kaɗai, akwai saƙo, kuma har yau ban san ta inda zan fara ba.